Rigar da Na Mayar a Kwatano

Samarin da ke gambarar zamani yanzu a Illela da Ƙonni sukan zo shagona na gyaran lasifika su zauna, su ce in ba su labarin kaset ɗinmu na farko, wanda muka sa wa suna Tsakanin Shingaye. Yawancinsu a waya suka ji shi, ba su taɓa riƙe kaset a hannu ba. Tambayarsu kusan ɗaya ce kullum: yaya aka yi kaset ya cika gaba da baya da waƙoƙin Hausa, amma babu inda aka kira sunan wani mai kuɗi ko mai mulki? Wani ma ya ce mini wai salo ne muka kwaikwayo daga Amurka. Na yi dariya har na ƙware. Amurka ba ta san da zamanmu ba. Abin a Kwatano ta ƙasar Benin ya faru, kuma a kan riga ne.

Mu uku ne, ana ce mana 'Yan Tsallake, don wuni muke muna tsallaka iyaka tsakanin Illela da Ƙonni. Akwai Hamidu ɗan Ƙonni, wanda ya yi boko a can, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Akwai Sanusi, ɗan gidan 'yan kasuwar albasa, mai murya mai kauri da son jiki. Sai ni Lawwali, ɗan Makaɗa Na-Tozai. Mahaifina maroƙi ne mai kalangu. Duk ranar kasuwa yakan bi layin 'yan albasa rumfa rumfa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya kira sunan mutum da na ubansa da na kakansa, har a miƙo masa abin da aka ga dama. Na sha ganin yaron da na girma yana jefa masa kuɗi a ƙasa yana ci gaba da hirarsa. A wurinsa na koyi kalangu, kuma ina ƙaunarsa, amma tun ina ƙarami na ƙudura a raina cewa ni ba zan durƙusa wa kowa da ganga a hammata ba.

A wancan lokacin babu situdiyo a kusa da mu da zai iya irin sautin da muke so. Sanusi ya ce yana da kawu a Kwatano, Alhaji Ummaru, babban mai masaukin 'yan albasa, wanda ya san kowa a garin. Ya ce ya riga ya aika masa, kuma ya amsa zai sauke mu ya haɗa mu da masu ɗaukar waƙa.

Mun wuce Doso a saman buhunan albasa kafin na gane cewa gingimari ba wurin zaman mutum ba ne. Rana daga sama, warin albasa daga ƙasa, idanu suna ta ruwa ba tare da an yi mana mutuwa ba. Sanusi ya fara ƙorafi tun ba a je ko'ina ba, wai bayansa ya riƙe. A Gaya aka tsayar da mu wuni guda, jandarmomi suna juya takardunmu kamar masu neman ƙwarƙwata. Wani ya ɗaga kalanguna ya girgiza shi a kunne, ya ce me na ɓoye a ciki. Hamidu ne ya yi ta zuba musu Faransanci har suka gaji suka ce mu wuce. A can saman motar ya fara tsara baitocin waƙar shingayen jami'an hanya, yana faɗa muna amsawa, direba yana zaginmu daga ƙasa.

A Malanbil, bayan mun haye kogi, motar ta lalace. Wani mutum mai fara'a, Bahaushe kamarmu, ya ce zai sama mana wata da za ta kai mu har Kwatano. Ya karɓi kuɗin mota, ya nuna mana wata tirela ya ce mu hau, ya tafi kawo direba. Muna zaune a kai har la'asar, sai ga mai tirelar na gaskiya da sanda a hannu. Motar ma ba ta da ƙafa ɗaya ta baya, mu ne ba mu duba ba. Daga nan zuwa Faraku a guntu-guntu muka tafi, wani wuri a bayan motar gawayi, wani wuri a ƙasa. Muka isa Kwatano baƙi ƙirin, ruwan sama yana dukanmu, ni kuma na rungume kalangu a cikin rigata.

Gidan Alhaji Ummaru a unguwar Zango yake, babban gida mai zaure biyu, fataken albasa kwance ko'ina. Ya karɓe mu hannu biyu, ba zan yi masa ƙarya ba. Aka ba mu ɗaki, aka kawo tuwon shinkafa da miyar da ta ji nama. Da muka je gaishe shi, ya wuce Sanusi da ido ya tsaya a kaina.

“Wanga shi na ɗan Na-Tozai?”

“Shi na, Kawu,” in ji Sanusi.

“Madalla. Ubanka shi yak kaɗa mini ranar aurena na hwari. Ka zo da kalangun, ko?”

Na ce na zo da shi. Ya gyaɗa kai yana murmushi, ya ce ya riga ya yi magana da mai situdiyo mafi girma a garin, bayan Juma'a za a kai mu. Hamidu da Sanusi suka fita suna tsalle. Ni kam ban yi tsalle ba, don na san irin wannan murmushin, na sha ganin ana yi wa mahaifina shi. Na tambayi Sanusi me ya faɗa wa kawunsa a saƙon da ya aika. Ya ce ba komai, cewa kawai ya yi zai zo da ɗan Na-Tozai za su yi waƙa. Shi bai ga wani abu a ciki ba. Amma duk mutumin Illela da ya kai shekarun Alhaji, in aka ce masa ɗan maroƙi na tafe gidansa da kalangu za a yi waƙa, abu ɗaya zai fahimta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zauren ya cika da 'yan kasuwa, na Illela da na Ƙonni da na Galmi, kowa ya sha babbar riga. Aka aiko kiranmu. Alhaji ya sa hannu a gefen kilishinsa ya ɗauko wata riga ta shadda, ruwan sararin sama, aikin wuyanta ya sauko har ciki. Ban taɓa taɓa tufa irinta ba. Ya miƙe da kansa ya ɗora mini a kafaɗa, zauren ya ɗauki “madalla, madalla.” Sannan ya koma ya zauna, ya ce a ɗauko kalangu.

Wanda bai tashi a gidan roƙo ba ba zai san me ya faru a wurin ba. Idan mai hali ya ɗora wa maroƙi riga a gaban jama'a, ya zama nasa ke nan. Za ka durƙusa ka sa ta a nan take, ka ɗauki ganga ka jero sunansa da asalinsa, kuma daga ranar duk inda muryarka ta je sunansa na gaba. Kaset ɗin da muka sha wuyar hanya dominsa zai buɗe da Alhaji Ummaru, ya rufe da Alhaji Ummaru. A tsakiya kuma ba za mu yi waƙar masu ɓoye albasa su tsawwala farashi ba, don rabinsu suna zaune a zauren nan.

Na sauke rigar daga kafaɗata. Sanusi ya taka mini ƙafa, ya yi ƙasa da murya.

“Amshi mana, kyauta ta.”

“Ba ka san mi aka nuhi da ita ba,” na ce masa.

Na ninke ta a hankali, yadda ake ninke kayan mutane, na ajiye a bakin kilishin Alhaji. Na ce, “Allah shi ƙara girma, Alhaji. Mun gode da masauki, mun gode da abinci. Amma mu ba mu waƙar mutane.”

“To waƙar mi kuka yi? Ta awaki?”

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Na ce waƙar hanya muke yi, da yunwa, da abin da ake yi wa talaka a bakin iyaka. Ya dube ni daga sama har ƙasa, fuskarsa ta canja.

“Yaro, ubanka ko tsumma nib ba shi, sai ya bi ni da godiya har ƙohwar gida.”

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Na ce, “Don haka na ban amsa ba, Alhaji.”

Kafin la'asar jakunkunanmu suna waje. Ni da Hamidu muka kama hanya ba mu san inda muka nufa ba. Sanusi ya tsaya a gidan kawunsa, kuma ban ga laifinsa ba, don a shagon kawun aka yi masa tanadin zama. Babban situdiyon da aka yi mana alkawari ko ƙofarsa ba mu gani ba.

Muka koma 'yan dako a babbar kasuwar garin. Abin dariyar shi ne albasa muke saukewa, wata ma daga gonakin Gidan Katta ta fito, na gane ta da irin ɗaurin buhun. Muna kwana a ƙarƙashin tebura, sauro yana rabon mu. Abinci garin rogo ne da manja, sai kifi busasshe in an yi sa'a. Na yi kewar fura har nakan yi mafarkinta. Na yi kewar busasshiyar iska, don a Kwatano ko riga ka shanya ba ta bushewa. Hamidu ya kwanta zazzaɓi, ya rame, wata rana ya ce mini da na karɓi rigar da yanzu mun gama mun koma gida. Na tashi na tafi neman masa magani, raina a ɓace da shi da kaina da garin baki ɗaya.

Kalangu ma ya yi fushi. Danshin teku ya shiga fatar ta saki, duk yadda na matse igiyoyin ba ya tashi, sai wata murya ƙasa-ƙasa kamar mai mura. Wata safiya na ga wata tsohuwa tana suyar ƙosai a bakin titi, na roƙe ta in gasa fatar a gefen wutarta. Da Hausa na yi maganar don ba ni da wani yare. Ta ajiye matsamin ta dube ni.

“Ɗan ina na kai?”

Na ce Illela. Sai ta zauna daɓas a kan kujerarta. Ashe 'yar Araba ce, wani gari kusa da mu, sunanta Inna Hajo, miji ya kawo ta Kwatano tun tana da ƙuruciya, ya rasu ya bar ta, ba ta sake ganin gida ba. Ta yi ta tambayata ko tsamiyar bakin rijiyarsu tana nan, ko har yanzu ana noman gero a bayan gari. Abin da na sani na faɗa, wanda ban sani ba na ce yana nan. Ta ba mu rumfar da take ajiye itace muka koma kwana, ta dafa wa Hamidu sassaƙe har ya tashi. Labarin rigar ya riga ya zaga Zango, ita ma ta ji. Abin da ta ce kawai shi ne, “Kai dai kana da taurin kai,” ta ƙara mini ƙosai a takarda.

A rumfar nan Sanusi ya iske mu wata rana da jakarsa a kafaɗa. Ya ce kawunsa ya ce ya zaɓa, ko shago ko 'yan iska. Ya duba itacen da muke kwana a kai ya ce da ya san haka 'yan iskan ke zaune da ya ƙara tunani. Amma bai koma ba.

Inna Hajo ce ta haɗa mu da Kosi, mai gyaran rediyo a bayan layinta, wanda ke kaɗa fiyano a cocinsu ranar Lahadi. Yana da 'yar na'urar ɗaukar sauti a wani ɗaki da ya lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai. Ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya, da Hamidu suke magana. Ya saurare mu sau ɗaya ya ce zai ɗauka, mu kuma mu riƙa ɗaukar masa manyan lasifikoki in an kira shi biki. Haka aka yi. Makirfo ɗaya ne, mu uku muna cusa kai kamar awaki a kan kwatarniya ɗaya. Jikin bangon akwai injin niƙa na maƙwabta, sai ya tsaya muke farawa, in ya tashi mu tsaya. A waƙar shingaye ya tashi ana tsakiya, Kosi ya yi mana alama da hannu mu ci gaba, shi ne gurnanin da ake ji a ƙarƙashin muryar Sanusi. Kalangu kuwa duk gashin da na yi masa a wutar ƙosai, kafin a kai rabin waƙa ya sake saki. Na so in fasa, Kosi ya ce a bar shi haka. Wannan murya mai mura ita ce yanzu samari ke zama da kwamfuta suna wahalar kwaikwayo.

Direbobin albasa ne suka yaɗa kaset ɗin. Mun ba kaɗan daga cikinsu, kafin mu iso gida ya riga mu zuwa. Masu kwafa suka kwafa, ba su ba mu ko sisi ba, amma a tashar Illela da ta Ƙonni da ta Sakkwato ba abin da ke tashi sai muryoyinmu. 'Yan kabu-kabu suka haddace waƙar shingaye suna rera ta a gaban masu shingen. Malamai suka yi mana wa'azi, 'yan siyasa suka aiko a yi musu tasu, muka ce ba mu yi. Daga baya ƙungiyoyi suka taso a garuruwan iyaka, kowa da kalangu ko kuntigi a ƙarƙashin gambararsa, kuma da yawansu suka ɗauka ƙa'ida ce ba a kiran sunan mai kuɗi. Mun yi wasu kaset bayan wannan, sun fi shi tsabtar sauti, amma ba wanda ake tambayata labarinsu.

Sai dai maganar Alhaji ita ma ta riga mu zuwa gida, kuma ba a kaina ta sauka ba. Ranar da na dawo, Inna mahaifiyata ko ruwa ba ta bari na gama sha ba. Ta ce tun da labarin rigar ya iso, layin 'yan albasa suka juya wa Baba baya. Yana tsayawa bakin rumfa sai a ce masa a wuce gaba. An yi bikin 'yar ƙanen Alhaji, aka ɗauko makaɗi daga wani gari, shi yana zaune a gida yana jin kiɗan. An sayar da awakinta an ci. Ta ce Alhaji ya aiko cewa abu ɗaya yake so, in je in durƙusa in yi masa waƙa guda, komai ya wuce.

“Kai ka yi taurin kanka can, mu muka biya nan,” in ji ta. “Tahi ka ba shi haƙuri.”

Ban taɓa jin nauyi irin na ranar ba. Alhaji bai isa ya durƙusar da ni ba, duk zauren nan ma ba su isa ba. Amma na yanke a raina cewa in Baba da bakinsa ya ce in je, zan je, in sa rigar, in kira sunan.

Na same shi da yamma a gindin dogon yaro na ƙofar gida, yana gyaran igiyar kalangunsa wanda ba mai kiransa. Ya rame. Na gaishe shi ya amsa, bai ɗago ba. Na ajiye rakodar da na aro a tsakaninmu, na sa kaset ɗin. Bai ce in kashe ba.

Da kiɗan ya fara ya tsayar da hannunsa. “Wa yak kaɗa wanga?”

“Ni na, Baba.”

“Hwatar ta saki.”

“Danshin Kwatano na.”

Ya ci gaba da sauraro. Ina kallon bakinsa. Maroƙi ya san gurbin da suna ke faɗawa a cikin kiɗa, kuma duk inda aka zo irin wannan gurbin sai in ga leɓensa ya motsa, ya karkata kai yana jira, sai baitin ya wuce da maganar direba ko ta mai tallan goro. Gefe ɗaya ya ƙare na juya. Inna tana tsaye a bakin zaure da hannu a ƙugu. Can rakodar ta yi ƙarar tsayawa.

“Ina ta jiran sunan,” ya ce daga baya.

“Babu suna, Baba.”

“Ko na gwamna?”

“Ko na kowa.” Sai na ƙara da cewa, “Inna ta ce in tahi in ba Alhaji haƙuri. In kac ce in tahi, gobe da sahe nika tahiya.”

Ya ɗauki kalangunsa ya ɗora a cinya, ya daɗe yana shafa fatar da tafin hannu.

“Tun ban kai ka ba nika rataye da wanga abu,” ya ce. “Ban taɓa jin shi ya yi magana ba don a ba shi wani abu ba, sai yau.” Sannan ya ɗago ya dube ni, karon farko tun da na zauna. “In kat taka gidan Ummaru, kada ka ƙara shigo mini gida. Mayar da shi hwari in ji.”

Na mayar da kaset ɗin farko. Da damina ta faɗi ya koma Tozai ya kama gonar da ubansa ya bari. Layin 'yan albasa bai sake kiransa ba har ya rasu, shi ma bai sake bi ta layin ba.